Yadda Ake Samar wa Dattijo Inshorar Magani ta Medicare a Amurka

Ranar da na fara zuwa karɓar wa Hajiyarmu maganin tsinka jini a wani kantin magani da ke Bronx, sai da na sa yarinyar kantin ta maimaita kuɗin. Ƙwayoyin wata guda, dala ɗari biyar da ɗoriya. Na fito da katin Medicare mai launin ja da fari da shuɗi na miƙa mata ina gadara, ta juya shi ta miƙo mini abina, ta ce wannan na asibiti ne da likita, ina katin magani? A ranar na san cewa katin biyu ne, kuma na biyun ba ya zuwa da kansa, sai an nema.

Medicare inshorar lafiya ce ta gwamnatin tarayyar Amurka, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965. Sashen A na kwanciya asibiti ne, Sashen B na ganin likita da gwaje-gwaje. Maganin da ake saya a kanti a sha a gida bai shigo ba sai da dokar 2003 ta zamanin George W. Bush ta ƙirƙiro Sashen D, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2006. A takardu Part D za ka ga an rubuta. Gwamnati ce ke kafa dokokinsa tana zuba kuɗi, amma kamfanonin inshora masu zaman kansu ne ke sayar da shi, kowa da farashinsa da jerin magungunansa. Daga nan duk ruɗanin ya samo asali.

Mataki na farko: shin dattijon ya cancanta?

Sharuɗɗan shiga Sashen D uku ne. Mutum ya riga ya mallaki Sashen A ko Sashen B, ko da ɗaya ne daga ciki. Ya kasance yana zaune a yankin da kamfanin ke aiki. Sannan zamansa a ƙasar ya kasance bisa doka. Ba a duba lafiyarsa, ba a kuma hana shi don yana da ciwon suga ko hawan jini. Saboda haka ainihin tambayar ita ce ko ya samu shiga Medicare ɗin kanta, kuma a nan mutanenmu suka kasu gida biyu.

Kashi na farko su ne waɗanda suka yi aiki a Amurka. Wanda ya cika shekara 65 kuma ya tara maki 40 na aiki, wato kimanin shekara goma yana biyan haraji, yana samun Sashen A kyauta. Maki huɗu kawai ake iya tarawa a shekara, kuma a 2026 kowane maki yana bukatar samun dala 1,890. Matar da ba ta taɓa aiki ba tana iya cin gajiyar makin mijinta. Ga inda ƙaya take: aikin da aka biya mutum hannu da hannu ba a rubuta ba, bai shiga lissafi. Direban tasi da ya shekara ashirin yana tuƙi amma bai riƙa bayyana ribarsa ga hukumar haraji ba, ranar da ya buɗe asusunsa a shafin Social Security, hukumar fansho ta ƙasa, zai tarar makinsa bai kai ba. Ku duba tun mutum yana shekara hamsin da wani abu, lokacin da akwai sauran damar cikewa.

Kashi na biyu iyayen da muka ɗauko daga Kano ko Damagaram ko Kumasi bayan sun manyanta. Mai katin zama na dindindin, wato girin kad, wanda bai yi aiki a nan ba, sai ya shekara biyar a jere yana zaune a Amurka kafin ƙofar Medicare ta buɗe masa. Doguwar tafiya gida, musamman wadda ta haura wata shida, tana iya sa a ce zaman ya katse. Idan shekara biyar ɗin ta cika, Sashen A ba kyauta ba ne gare shi: a 2026 dala 565 ne a wata ga wanda makinsa bai kai 30 ba, dala 311 ga mai maki 30 zuwa 39. Sashen B kuwa dala 202.90 ne a wata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ana iya ɗaukar Sashen B shi kaɗai, kuma shi kaɗai ɗin ya isa a shiga Sashen D. Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya nemi jiha ta biya masa kuɗin watan ta shirin da ake kira Medicare Savings Program, ana neman sa a ofishin Medicaid, wato shirin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi.

Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ƙara ƙuntata ƙofar. Yanzu 'yan ƙasa ne, da masu girin kad, da wasu rukunoni kaɗan irin 'yan Kuba da Haiti. 'Yan gudun hijira da masu mafaka da ba su karɓi girin kad ba an cire su, waɗanda suke ciki tun da kuma za a yanke musu a Janairun 2027. Wanda abin ya shafa ya ga lauyan shige da fice tun yanzu.

Mataki na biyu: gano watanni bakwai ɗinsa

Kowa yana da taga ta wata bakwai don shiga karo na farko: wata uku kafin watan da zai cika 65, watan kansa, da wata uku bayansa. Wanda ya yi rajista a wata ukun farko, inshorarsa za ta fara aiki ranar ɗaya ga watan haihuwarsa. Wanda ya bari sai daga baya, sai ɗaya ga watan da ke biye da rajistar. Ga dattijon da ya riga ya wuce 65 yana jiran cikar shekara biyar, watan cikar zaman nasa ne tsakiyar tagar.

Yanzu ɗauko fasfon Baba ka duba. Dattawanmu da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, da aka zo yin takardu sai aka sa musu 1 ga Janairu. Dokar Amurka tana ɗaukar wanda aka haifa ranar ɗaya ga wata a matsayin ya cika shekara a watan da ya gabata. Ke nan mai 1 ga Janairu, Disamba ne watansa. Tagarsa tana buɗewa 1 ga Satumba ta rufe 31 ga Maris, ba ƙarshen Afrilu ba. Wata guda ne bambancin, amma ya isa ya sa mutum ya zo ya tarar an rufe ƙofa.

Wanda ya riga ya fara karɓar fanshon Social Security, katin A da B zai zo masa ta gidan waya ba sai ya nema ba. Saura sai sun nema a shafin hukumar ko a ofishinta. Katin magani kuwa, in ban da masu samun tallafin gwamnati, ba wanda ake aiko wa haka kawai.

Mataki na uku: lissafa tarar jinkiri kafin ka ce ba ka bukata

Wani kawuna direba ne, ƙaƙƙarfan mutum, ko maganin ciwon kai ba ya sha. Da ya cika 65 na yi masa maganar katin magani, ya ce, "Ɗana, ni da nake lafiya lau, in riƙa ba kamfani kuɗi a kan me?" Na yi shiru, don ba a musu da kawu. Wata talatin bayan rufewar tagarsa likita ya gano masa suga.

Dokar ita ce: in mutum ya yi kwana 63 a jere ko fiye bayan tagarsa ta rufe ba shi da wata inshorar magani da ta kai darajar ta Medicare, za a ɗora masa tarar kashi ɗaya cikin ɗari na wani ma'aunin farashi na ƙasa a kan kowane wata da ya zauna haka. Ma'aunin a 2026 dala 38.99 ne. Wata talatin na kawu kaɗai ya zama kashi 30, wato dala 11.70 a kowane wata a kan kuɗin inshorarsa. Ba a gama biyanta, tana nan muddin yana cikin Sashen D, kuma in ma'aunin ya tashi ita ma ta tashi. Sannan bai samu shiga nan take ba, sai da ya jira lokacin rajistar shekara, yana sayen magani da aljihunsa.

Ni a ganina mai lafiya ya ɗauki tsari mafi araha a yankinsa ya ajiye. A wurare da dama akwai na 'yan daloli kaɗan a wata.

Wanda har yanzu yake aiki yana da inshorar wurin aiki, ko ta matarsa, ba sai ya yi gaggawa ba, muddin inshorar ta kai darajar da ake so. Kowace shekara kafin 15 ga Oktoba wurin aikin zai aiko da takarda mai ɗauke da kalmar creditable. A adana ta tare da fasfo, don ita ce shaidar da za ta kare shi daga tara. Ranar da inshorar aikin ta ƙare, yana da wata biyu ya shiga Sashen D.

Mataki na huɗu: nemi tallafin Extra Help tun kafin zaɓen kamfani

Wannan ne ya fi kowane mataki amfani ga iyayenmu, kuma shi aka fi tsallakewa. Tallafi ne na gwamnatin tarayya ga wanda kuɗin shigarsa bai kai kashi 150 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasa ba. A 2025 iyakar ta kasance dala 23,475 a shekara ga mutum ɗaya, dala 31,725 ga ma'aurata, kuma tana ɗan ƙaruwa duk shekara. Akwai iyakar dukiya ma, wadda a 2025 ta kasance dala 17,600 ga mutum ɗaya. Gidan da mutum yake ciki da motarsa ba sa shiga lissafi, amma kuɗin banki da wani gida ko fili suna shiga. A faɗi gaskiya a fom ɗin, har da filin da ke gida, domin rantsuwa ake sa hannu a kai.

Wanda ya samu, ba zai biya kuɗin share fage ba, wato wanda ake fara biya kafin kamfani ya sa hannu, kuɗin watansa zai zama sifili in ya zaɓi tsarin da bai wuce farashin da gwamnati ta ƙayyade wa yankinsa ba, kuma a 2026 ba zai biya fiye da dala 5.10 a kan magani gama-gari marar sunan kamfani ko dala 12.65 a kan mai sunan kamfani ba. Tarar jinkiri ma ana yafe masa. Mai Medicaid ko SSI (tallafin kuɗin wata ga tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi) ko Medicare Savings Program yana samu kai tsaye. Saura su cike fom mai lamba SSA-1020, ana kuma iya nema a kowane lokaci na shekara.

Wanda kuɗinsa ya wuce iyaka ya duba jiharsa. New York tana da EPIC ga 'yan shekara 65 da kuɗin shigarsu bai wuce dala 75,000 ba, ko dala 100,000 ga ma'aurata. New Jersey tana da PAAD, Pennsylvania tana da PACE.

Mataki na biyar: juye jakar magani a kan tebur

Kada ka dogara da abin da Hajiya ta ce tana sha, domin "farin nan ƙarami na safe" ba suna ba ne. Zazzage kwalaben duka, ka rubuta sunan kowane magani, ƙarfinsa a miligiram, sau nawa a rana, da kantin da ake karɓa. Sannan ka shiga medicare.gov, ka sa lambar zif ta unguwarku, ka shigar da jerin. Shafin zai jero tsare-tsaren yankin. Ka sa ya jera su bisa jimillar kuɗin shekara, wato kuɗin wata haɗe da na magani. Araha ba ta ado: tsari mai kuɗin wata sifili yana iya zama mafi tsada in maganin da ya fi muhimmanci ba ya cikin jerinsa.

Hanya biyu ce. Ko a sayi tsarin magani shi kaɗai a haɗa da Medicare ta asali, ko a shiga Medicare Advantage wanda ke haɗa asibiti da likita da magani a kati guda, amma yakan taƙaita likitocin da za a gani. Hattara: wanda yake cikin Advantage irin na HMO ko PPO, wato nau'o'insa biyu da suka fi yawa, in ya yi rajistar tsarin magani daban, za a fitar da shi daga Advantage ɗin gaba ɗaya.

Jerin magungunan kowane kamfani, wanda suke kira formulary, hawa-hawa ne, galibi biyar. Gama-garin magunguna masu araha suna ƙasa, masu tsadar gaske suna sama. Dole kowane kamfani ya ɗauki aƙalla magani biyu a kowane rukunin cuta, kuma a rukuni shida dole ya ɗauki kusan duka: na daji, na ƙanjamau, na farfaɗiya, na ciwon damuwa, na taɓin hankali, da na hana jiki ƙin dashen gaɓa. Akwai kuma waɗanda doka ta cire daga Sashen D: maganin da ake saya ba takardar likita, na mura da tari, na tsirar gashi, na neman haihuwa, na ƙarfin maza, yawancin bitamin, da wanda aka rubuta don rage ƙiba kawai.

A gefen sunan magani za ka ga wasu haruffa. PA na nufin sai likita ya nemi izinin kamfani kafin a bayar. ST na nufin sai an gwada mai araha ya gaza. QL na nufin an ƙayyade yawan ƙwayoyi a wata. Duba kantin ma, domin kowane tsari yana da kantunan da ya fifita, kuma magani ɗaya a titi ɗaya yana iya bambanta farashi tsakanin kanti da kanti.

In abin ya yi maka yawa, kowace jiha tana da masu ba da shawara kyauta a ƙarƙashin shirin SHIP, wanda a New York ake kira HIICAP. Ba sa sayar da komai. Dillalin inshora kuwa kamisho yake ci, kuma doka ta hana shi ƙwanƙwasa ƙofa ko buga waya ba tare da an gayyace shi ba. Duk wanda ya kira yana neman lambar katin Baba, a kashe wayar.

Mataki na shida: san yadda kuɗin ke tafiya a cikin shekara

Zango uku ne. Na farko kuɗin share fage, deductible a takarda, wanda mutum ke biya shi kaɗai kafin kamfani ya sa hannu. A 2026 ba ya wuce dala 615, wasu tsare-tsaren kuma ba sa ɗora shi a kan magunguna masu araha. Na biyu, mutum yana biyan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Na uku, da zarar abin da ya fita daga aljihunsa ya kai dala 2,100 a 2026, ba zai ƙara biyan ko sisi a kan magungunan da ke cikin jerin ba har ƙarshen Disamba. Wannan rufin sabon abu ne, dokar rage hauhawar farashi ta 2022 ce ta kawo shi, ya fara a 2025 da dala 2,000. Kuɗin wata ba ya shiga lissafin rufin, haka ma maganin da ba ya cikin jerin.

Ɗauki Eliquis, maganin tsinka jini, ɗaya daga magunguna goma da gwamnati ta yi cinikin farashinsu ya fara aiki a Janairun 2026, tare da irin su Jardiance da Januvia da Xarelto. Farashinsa ya sauko zuwa dala 231 a wata. A tsarin da ke bin waɗannan zangunan daidai, mai shan sa kaɗai zai biya 231 a Janairu, 231 a Fabrairu, kimanin 172 a Maris, daga nan kusan 58 duk wata. Nauyin a farkon shekara yake. Shi ya sa tun 2025 kowane kamfani dole ya ba da damar rarraba biyan a kan watannin shekara ba tare da kuɗin ruwa ba. Ba ya rage jimilla, numfashi kawai yake bayarwa, kuma sai an kira kamfani an nema.

Insulin ba ya wuce dala 35 a wata, ko da ba a gama share fage ba. Alluran rigakafin da hukuma ta amince wa manya kyauta ne.

Mataki na bakwai: in kanti ya ce an ƙi

Kada a bar wurin hannu rabbana. A cikin kwana 90 na farkon shiga sabon tsari, mutum yana da haƙƙin karɓar maganin wata guda na wucin gadi ko da ba ya cikin jerin. A wannan watan likita ya rubuta wa kamfani dalilin da ya sa wannan maganin ne ya dace. Kamfani yana da awa 72 ya ba da amsa, ko awa 24 in likita ya ce jira zai cutar. In sun ƙi, akwai kwana 65 na ɗaukaka ƙara, kuma matakan ƙarar biyar ne, daga na biyu wata hukuma ce mai zaman kanta ke dubawa.

Abin da ya ba ni wahala shi ne kamfanin ya ƙi magana da ni. Na ce ni ɗanta ne, suka ce ba su san wannan ba. Sai da Hajiya ta karɓi waya ta ce "yes" sau uku ba ta san me ake tambaya ba. A cike fom CMS-10106 don layin 1-800-MEDICARE ya yarda ya yi magana da ɗa ko 'ya, da CMS-1696 don wakilci a ƙara. Kamfanin ma yana da nasa fom ɗin. Tafinta kyauta ne, a nema.

Tafiya gida, da ambulan ɗin Satumba

Sashen D ba ya biyan maganin da aka saya a wajen Amurka, ko a Kano ko a Makka. Mai tafiya Hajji ko ganin gida ya sa likita ya rubuta na kwana 90, ya kuma sa kanti ya nemi izinin karɓa da wuri saboda tafiya, aƙalla mako biyu kafin jirgi. A ci gaba da biyan kuɗin wata, don in bashi ya taru ana iya cire mutum. Wanda ya yi fiye da wata shida a wajen yankinsa za a fitar da shi daga Advantage, mai tsarin magani shi kaɗai kuwa wata goma sha biyu ne. Wanda ya koma gida da zama dungurungum sannan ya dawo, yana da wata biyu ya sake shiga.

Kowace shekara kafin ƙarshen Satumba kamfani zai aiko da ambulan mai kauri ɗauke da sauye-sauyen shekara mai zuwa. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba kowa na iya sauya tsari, sabon ya fara 1 ga Janairu, tsohon kuma ya mutu da kansa ba sai an kira su ba. Mai Extra Help yana iya sauya tsarin magani sau ɗaya a kowane wata. Ambulan ɗin Hajiya na bara a ƙarƙashin faifan goro na tsince shi, ba a ko buɗe ba. A shafi na tara aka rubuta cewa maganin sugarta ya tashi daga hawa na uku zuwa na huɗu, kantin unguwarmu kuma an cire shi daga waɗanda aka fifita. Ranar 16 ga Oktoba na sake juye jakar a kan tebur, muka koma wani kamfanin.